Bindigar Magrieta Boois

Ranar Alhamis da hantsi wasu mata biyu suka kora amalanken jakai zuwa famfon iska na gonar Kameelputs don ɗebo ruwa. A gindin ƙarfen famfon suka tarar da Jakobus Vries kwance, sifana tana hannunsa, harsashi ya shiga ta ƙirjinsa ya fita ta baya. Jakobus shi ne shugaban iyalai goma sha ɗaya da gwamnati ta raba wa wannan gonar kiwo, kuma duk safiyar Alhamis shi ke zuwa ya shafa wa famfon giris. Babu wanda bai san haka ba.

Kafin motar 'yan sanda ta iso daga garin Aroab, mutanen gona sun riga sun gama shari'arsu. Babu sawun kowa kusa da gawar sai nasa da na matan nan biyu. Wurin fili ne fetal, ba inda mutum zai laɓe sai wani tudun duwatsu can gabas, mai nisan taku ɗari huɗu da ɗoriya. Mutum ɗaya aka sani a duk yankin da ke iya kayar da dila daga irin wannan nisa, kuma mace ce.

Sajan Ndapewa Shikongo 'yar arewa ce, shekararta biyu a wannan ƙasa ta duwatsu. Ta san iyakar abin da idonta ke iya gani a nan, saboda haka ta biya ta ɗauko Oom Gottlieb Hanse, wato Kawu Gottlieb, a hanya. Tsoho ne ɗan firit mai ciwon gwiwa, wanda ya yi shekara arba'in yana bin sawun ɓarayin tumaki. Yana sauka daga mota ya ɗaga sandarsa ya tsayar da jama'a.

"Duk wanda ya ƙara taku ɗaya, shi zan ce ya yi kisan."

"Oom, ai ba sai ka wahalar da gwiwarka ba," in ji wani dogo mai baƙin tabarau da malafa da ya ja har goshi. Andries Rooi ke nan, mataimakin marigayin. "Kowa a nan ya ji abin da Magrieta ta faɗa masa a taron watan jiya."

"Me ta faɗa?"

"Ya ce mata muna ba ta tunkiya ladan kashe dila a banza, tana ta harbe-harbe amma 'yan raguna sai ɓacewa suke yi. Ita kuwa ta ce, wata rana zai ga ko ta iya harbi."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Gottlieb ya matsa kusa. Ya zaga gawar sau biyu, ya sami inda harsashin ya fasa simintin tankin ruwa, ya tsuguna a nan ya hango ta saman inda Jakobus ya tsaya. Layin ya miƙe ɗoɗar zuwa tudun gabas.

"Sajan, kin iya hawa dutse da waɗannan takalman naki?"

"Oom, kai da za a tura daga baya kake tambayata?"

* * *

Sun kusa kaiwa ƙololuwa ya hana ta wucewa. Tsakanin wasu manyan duwatsu biyu akwai ɗan wuri mai rairayi, kuma wani ya kwanta a nan rubda ciki. Gottlieb ya nuna mata ramukan gwiwar hannu biyu, da inda aka ɗora bakin bindiga a kan dutse har gansakuka ta goge, da can baya inda yatsun ƙafa suka tona ƙasa. Ya shimfiɗa sandarsa ya auna daga gwiwar hannu zuwa yatsun ƙafa, ya ɗebi wuƙa ya yi wa sandar tsaga.

Babu kwanson harsashi. Sawun da ya zo da wanda ya koma duk dunƙulallu ne, domin mai shi ya naɗe takalmansa da buhu.

Sai ya ga abu guda a kan wani faffaɗan dutse, kusa da ramin gwiwar hannun dama. Ɗigon jini ne biyu, sun bushe sun yi baƙi.

"Ƙaya ce ta soke shi?" in ji Sajan.

"Babu ƙaya a tudun nan."

"To ko dama da rauni a hannunsa." Ta ɗauki hoto, ta sa dutsen a leda. "Sai an kai Windhoek, babban birni. Kafin su ce mana jinin wane ne, an yi wata biyu."

Gottlieb ya dubi sama. Iskar yamma ta fara kaɗa ciyawa. Ya jawo 'yan duwatsu ya jera su ta gefen da iskar ke zuwa, don kada ta share makwancin.

* * *

Gidan Magrieta Boois, wadda ake kira Griet a taƙaice, ɗaki biyu ne na kwano a ƙarshen gona. Sun tarar an riga an fasa mata tagar gaba da dutse. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince gilashin tana zubawa a kwano, 'yar ƙaramar mace da ba ta kai kafaɗar Sajan ba. A cikin ɗaki mahaifiyarta Ouma Katrina, wato Kaka Katrina, makauniya, tana zuƙar lofe.

"Na san za ku zo," in ji Magrieta. "Tana cikin akwati. Ga makullin."

Makullin yana rataye a wuyanta. Ta buɗe kwaɗon wani akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango, ta fito da bindigar.

Gottlieb ya san labarin bindigar nan, kamar kowa. Shekarar da mijinta ya rasu, dila suka kusa ƙarar mata da 'yan raguna. Ta nemi lasisi, ta je garin Keetmanshoop ta sayo bindigar kamfani mafi araha a shagon, irin wadda in ka nufi tunkiya sai ka sami akuyar maƙwabci. Ta kwashe lokacin sanyi guda a kan teburin girki tana fama da ita. Ta jefar da ƙotar roba, ta sassaƙa wata daga katakon tsohuwar amalanken mijinta, ta yi ta goge kwarin da bututun ke kwanciya har takarda na iya wucewa ta ƙarƙashinsa, ta ɗora mata wani tsohon madubin saiti. Maza suka yi ta zuwa kallo suna dariya, suna tambayarta ko da ita za ta tuƙa tuwo. Da ta fara rataye fatun dila a shinge, dariyar ta tsaya.

Sajan ta shinshina bakin bindigar, ta dubi Gottlieb. An harba ta, kuma ba da daɗewa ba.

"Yaushe rabonki da harbi?"

"Kwana tara. Kuma na goge ta tas. Ba na ajiye ta da datti." Magrieta ta karɓa ta shinshina da kanta, fuskarta ta canja. Ta jawo kwalin harsasai ta duba. "Ɗaya babu."

"Ina kike da safen nan?"

"Awakina uku ba su kwana gida ba. Tun kafin rana ta fito na bi su yamma, ni da kare."

"Wa ya gan ki?"

"Karen."

Daga cikin ɗaki Ouma Katrina ta ce, "Ni na ji an shigo. Sau biyu."

Gottlieb ya shiga ya durƙusa gabanta. "Ouma, Gottlieb ne, ɗan Hanse."

"Na gane ka tun daga tarinka. Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki fara, Ouma. Me kika ji?"

"Bayan ta fita, aka turo ƙofa. Na ce, Griet, kin manta wani abu? Shiru. Na ji kwaɗon ya buɗe, ba tare da an fasa ba. Da rana ta ɗaga aka sake shigowa, aka rufe. 'Yata in tana tafiya katakon ƙasa ba ya kuka. Wannan sai da ya yi kuka."

A waje Sajan ta ja shi gefe. "Oom, uwa ce, kuma ba ta gani. Bindiga tata ce, makulli a wuyanta, ta yi barazana a gaban jama'a. Dole in tafi da ita. In ma na bar ta, mutanen nan ba za su tsaya a taga ba."

"Tafi da ita. Amma gobe da sassafe ki dawo min da ita, har da bindigar."

"Me ka gani?"

"Ban gama gani ba tukuna. Ki ba ni zuwa gobe da la'asar."

Magrieta ta ɗaura ɗankwali, ta gaya wa uwarta inda burodi yake, ta shiga mota ba tare da ta waiwayi mutanen da suka taru a bakin shinge ba.

* * *

Kafin rana ta faɗi Gottlieb ya taka zuwa wajen Josef Basson, makanikin gona. Josef tsohon soja ne, dogo ne, shi ya huda wa Magrieta ramukan ɗaure madubi, kuma an san ya taɓa cakumar wuyan Jakobus a kan rabon ruwa. Hannunsa na dama yana naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Injin goge ƙarfe, ranar Litinin. Oom, in tuhumata kake yi ka faɗa kai tsaye, kada ka yi ta zagaye kamar kaza za ta yi ƙwai."

"Tuhumarka nake yi."

Josef ya yi 'yar dariya. "Na tsani Jakobus, ba na ɓoyewa. Amma in zan kashe shi, da hannu zan yi, a gaban mutane."

"Ka taɓa harba bindigar Griet?"

"Wa take bari? Ko riƙewa ka yi sai ta tsaya a kanka kamar ka ɗauki jaririnta. Bature Lottering ne kaɗai ya taɓa harbawa, shi ma don shi ya ba ta madubin."

"Ɗebo min ruwa in sha."

Josef ya tashi ya nufi randa. Gottlieb bai dubi randar ba, ƙasa ya duba. Ƙafar hagun Josef tana jan ƙasa kaɗan, tsohon raunin soja. Wanda ya hau tudu kuwa, ko da buhu a ƙafarsa, takunsa daidai yake, dogo, ba ɗingishi. Gottlieb ya sha ruwan ya yi godiya.

"Shi ke nan?" in ji Josef.

"Ka gode wa ƙafarka."

* * *

Washegari Sajan ta iso da Magrieta a bayan mota. Suka fara zuwa gonar Lottering, wadda ta yi iyaka da Kameelputs ta gabas. Mutane sun ce an ga sawun motarsa a bakin shinge, kuma shi da Jakobus sun daɗe suna jayayya a kan wayar shingen.

Lottering ƙaton mutum ne mai jan wuya. Ya kawo musu kofi a baranda, ya ce jiya tun safe yana wajen gwanjon tumaki a Keetmanshoop, mutum ɗari sun gan shi yana asarar kuɗi. Sawun motar kuwa na ranar Talata ne.

"Shingen nake gyarawa. Wani yana yanke min shi ta wajen kwazazzabo, yana ɗaurewa, yana zaton ba na gani. Jakobus ya ce ni nake yi, ni na ce mutanensa ne. Ranar Talata na nuna masa wurin. Ya ce zai duba."

"An ce ka taɓa harba bindigar Magrieta," in ji Gottlieb.

"Sau ɗaya, kuma ba zan ƙara ba." Ya leƙa mota ya ɗaga wa Magrieta hannu. "Tawa ta ninka tata kuɗi sau goma, amma tata ta fi. Sai dai ta yanke ƙotar daidai ɗan guntun hannunta. Ni da na kwanta zan harba ta, idona ya manne da madubin. Da ta buga baya, saura kaɗan bakin madubin ya tsaga min gira. Allah ya sa na san halin abin, na janye kai."

Gottlieb ya ajiye kofin a hankali. "Wanda bai san halin abin ba fa?"

"Zai tashi da tambari kamar jinjirin wata a kan gira. Kuma gira akwai jini."

* * *

Suka koma tudun. Duwatsun da ya jera sun tare iska, makwancin yana nan. Gottlieb ya sa Magrieta ta kwanta a gefe, a kan rairayi mai kyau, da bindigar babu harsashi, kamar za ta harbi famfon. Da ta tashi ya auna da sandarsa. Yatsun ƙafarta ba su kai tsagar da ya yi jiya ba, da sauran kusan kamu ɗaya. Ya nuna wa Sajan inda kan Magrieta ya kasance, ya nuna ramin da aka ciro dutsen mai jini.

"Ba a wajen hannu jinin ya ɗiga ba. A ƙarƙashin ido ya ɗiga."

Sajan ta dubi fuskar Magrieta. Babu ko ƙwarzane.

"Wannan ya fitar da ita," in ji Sajan. "Bai shigar da kowa ba."

"Mu bi ƙafar."

Sawun buhun ya gangara ta bayan tudu, ya hau kan fako ya ɓace. Nan Gottlieb ya sha wuya. Ya yi ta zagaye da sanda, yana tsugunawa yana miƙewa, gwiwar tana ƙara. Sau biyu Sajan ta ce ya huta, ya ci gaba da dubawa. Wani wuri tsakuwa ce ɗaya ta juya cikinta sama. Wani wuri zaren buhu ne a jikin ƙaramin itace. Sun fi awa biyu kafin ya tabbatar sawun ya koma wajen gidaje, ya shiga hanyar da garken tumaki suka tattake. Daga nan babu abin da ido zai iya.

Bai tsaya ba. Ya ce a kai shi kwazazzabon da Lottering ya ambata.

A can ƙasa, inda ba a hangowa daga ko'ina, suka sami ɗan garke da aka kewaye da ƙaya. Kashin 'yan raguna ya cika wurin, tsoho da sabo. Ga sawun mota da ke zuwa ta ɗaya gefen waya tana ɗauka. Ga sawun wani dogon mutum, wannan karon babu buhu, dugadugan takalminsa na dama da ƙusa uku. A kan nasa kuma ga sawun Jakobus na kwana uku da suka wuce, ya zaga garken, ya tsaya ya daɗe a wuri ɗaya.

Magrieta ta tsaya tana kallon kashin. "Wato ba dila ba ne."

"Dila mai takalmi ne," in ji Gottlieb. "Jakobus ya gano. Kuma ina jin ya gaya wa wanda bai kamata ba."

* * *

Da la'asar duk mutanen gona suna ƙofar gidan marigayin, a ƙarƙashin babbar bishiyar ƙaya mai inuwa. Matar Jakobus, Antie Sanna, tana zaune a tsakiyar mata, ana ta kai kofi da burodin da aka gasa a toka. Da aka ga Magrieta ta sauko daga motar 'yan sanda ba ankwa, wurin ya yamutse.

"Sajan, wannan wulaƙanci ne," in ji Andries Rooi, yana miƙewa. "Ki kawo ta gaban matar da ta mayar gwauruwa?"

"Zauna, Andries," in ji Gottlieb. "Magana zan yi, ba ta da tsawo."

Ya tsaya a tsakiya, ya dogara da sandarsa.

"Da bindigar Magrieta aka kashe Jakobus, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya kwanta a tudu ya fi ta tsawo da kamu guda. Dogaye a gonar nan ba su da yawa. Na zargi Josef, ƙafarsa ta wanke shi. Na zargi Lottering, yana wajen gwanjo." Ya juya. "Griet, akwatin bindigarki ba a fasa shi ba. Makulli nawa kwaɗon ke da shi?"

"Ɗaya."

"Kwaɗo sabo da makulli ɗaya? Wa ya sayo miki?"

Ta buɗe baki, sai ta tsaya. Idonta ya tafi kan Andries. "Shi na aika, da zai je gari. Ya ce haka aka sayar masa."

"Taimako ya zama laifi ke nan," in ji Andries. "Shekara biyu da suka wuce. Wa zai tuna makulli?"

"Ba laifi. Tun jiya nake ganinka da tabarau da malafa har goshi. Lafiya?"

"Ciwon ido nake yi, Oom. Ko shi ma sai na nemi izini?"

"A'a. Amma mun zo gidan rasuwa, har yanzu ba a yi addu'a da ni ba. Dattijo, ka yi mana addu'a."

Dattijon coci ya miƙe. Maza suka cire huluna ɗaya bayan ɗaya, suka riƙe a ƙirji. Andries ya tsaya da tasa a kai. Dattijon bai fara ba, yana jiransa. Shirun ya yi tsawo har mata suka ɗago kai.

"Andries," in ji Antie Sanna, muryarta a dishe, "mijina ake wa addu'a. Cire hularka."

Ya cire. Tabarau ɗin ya rufe rabin abin, amma sauran ya fito a saman gilashin. Josef, da ke kusa da shi, ya sa hannunsa mai lafiya ya zare tabarau ɗin. A kan girar dama akwai tsaga a lanƙwashe, ta kumbura, jinin ya bushe a bakinta.

"Waya ce ta yanke ni."

"Waya tana yanka a miƙe," in ji Gottlieb. Ya karɓi bindigar daga hannun Sajan, ya juyo bakin madubin ya ɗaga shi kusa da fuskar Andries, ba tare da ya taɓa shi ba. Lanƙwasar ƙarfen da ta raunin iri ɗaya ce. "Ta yi ƙotar daidai jikinta. Kai ka ga tana harbi, ka ɗauka duk bindiga bindiga ce. Jininka yana kan dutse a cikin leda, za a kai Windhoek. Kafin nan, ɗaga min ƙafarka ta dama."

Andries bai ɗaga ba. Ya ja baya, sai sawunsa ya fito a kan rairayi, kowa yana gani, da ƙusa uku a dugadugi.

Gottlieb ya gaya musu abin da ke cikin kwazazzabo. Ya faɗi garken ƙaya, da motar da ke zuwa ta bayan waya, da sawun Jakobus. Wani tsoho ya tambaya a hankali ko nasa 'yan ragunan na bara ma can suka bi.

"Ranar Laraba ya same ni," in ji Andries daga ƙarshe, yana kallon ƙasa. "Ya ce ya san takalmina. Ya ce in tashi da kaina a taron Asabar in faɗa, ko shi ya faɗa. Na roƙe shi. Na ce yarana suna makaranta da sunan nan. Ya ce sunan Griet fa, da muka ɓata?"

Josef ya yi kansa, maza biyu suka riƙe shi. Sajan ta sa wa Andries ankwa ta tura shi mota da sauri, ta kulle. Ta dawo ta karɓi bindigar.

"Sai an gama shari'a, Antie," ta ce wa Magrieta. "Zai ɗauki lokaci."

"Ki sa ta inda ba laima."

* * *

Motar ta tafi. Gottlieb ya sami kujera ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke masa zogi. Mutane suka kasa haɗa ido da Magrieta. Wani ya ce yana da gilashin taga a gida da ba ya amfani da shi. Ta gyara ɗankwalinta za ta kama hanya, don uwarta tana gida ita kaɗai tun jiya.

"Griet," in ji Antie Sanna.

Magrieta ta tsaya.

"Daren Laraba bai ci abinci ba. Bai gaya min sunan kowa ba. Ya dai ce ranar Asabar zai tsaya gaban jama'a ya ba ki haƙuri, wai ya ci mutuncinki a kan abin da ba laifinki ba. Har ya sa na goge masa farar rigarsa." Ta share ido da gefen zane. "Jiya na san wannan, na ji suna kiran sunanki, na yi shiru. Na ce ko kin harbe shi ne kafin ya kai ga haka."

Magrieta ta daɗe a tsaye.

"Ni ma na faɗa masa magana," in ji ta. "Ban so ta zama ita ce ta ƙarshe ba."

Ta juya wajen Josef. "Ka ɗaura jakai ka ɗauko min Ouma. Ka gaya mata a nan za mu kwana."

Matan da ke kusa da Antie Sanna suka matsa. Magrieta ta cire takalmanta, ta zauna a kan tabarma, ta kama hannun matar. Dattijon coci ya gyara murya ya fara addu'ar.